Tabarmar Inna a garin bakin teku

Ni ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni a Galma ya san in ba kasuwar Madawa ba, sai biki ko gaisuwar mutuwa ke fid da ni daga gida, su ma ina sauka nake tambayar yaushe motar za ta juya. Surutu dai ina da shi, amma a tsakar gidana nake yin abina. Shi ya sa ranar da aka ce zan tafi Faransa, maƙwabta suka yi ta shigowa suna duba ni kamar wadda ba ta da lafiya.

Ɗiyata ta fari ce can, aikin jinya take yi a wani asibiti. Ba ni na rene ta ba. Innata ta ɗauke ta tun daga yaye, don haka har yau Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ta daɗe tana roƙo in zo in ga inda take, ina ta kawo dalili, yau shuka, gobe girbi, jibi ciwon ƙafa, har dalilan suka ƙare. Da takardu suka fito, bayan noma na biyu, ta kira ta gaya ma Inna cewa za ta ɗauki hutu ta kai ni wani ƙaramin gari a bakin teku, a yankin da suke ce ma Biretan, mu ɗan sha iska.

Inna ta tambaye ta wa ke gare mu a garin. Ta ce babu kowa. Inna ta ce to wa za mu gaida. Ta ce ba gaisuwa za mu ba, kallo za mu. Inna ta miƙo mini wayar, kuma tun daga ranar ta sa aka jiƙa mata kaba. Idonta ya yi rauni, da yatsu take gani yanzu, amma ta zauna ƙofar ɗaki ta saƙa ƴar tabarma, daidai zaman mutum ɗaya, da ratsin ja da tsanwa. Ranar da zan tashi ta naɗe ta, ta ɗaure da zare, ta ɗora mini bisa cinya.

"Gari ba ya rasa gidaje, gida kuma ba ya rasa mai shi," ta ce. "Wagga ta mai masaukinku ce can bakin ruwan. Hannu da hannu za ki ba shi. Ki ce ina gaida shi, ki taho mini da amsa."

Na sa ta a akwati tare da ƙullin gabu na miya. Ban ɗauke shi wani abu mai wuya ba. A sanina, mutum in ya sauka gari, mai gida ne farkon wanda zai gani.

Mu biyu muka tafi, mijinta aiki ya riƙe shi. Ban taɓa zama da yarinyar nan mu kaɗai ba, babu Inna a tsakani, don haka a mota hira ta yi ta yankewa, ni da ba a raba ni da magana. Sai na koma kallon shanu. Shanunsu manya ne, ba ƙaho, ba tozo, kuma babu mai kiwo, su kaɗai cikin ciyawa har gwiwa.

Garin ƙarami ne, duk da dutse aka gina shi, dutse mai launin toka, tagogi kuma shuɗɗa. Furanni a bakin kowane gida, kowane kai ya kai ƙoƙon fura. Iska na ɗauke da ƙarnin kifi da wani wari kamar na ganyen da ya kwana cikin ruwa, ga wasu fararen tsuntsaye da ke kuka kamar yara ana yi musu aski. Muka tsaya ƙofar wani gida. Na gyara mayafi, na shirya sallama. Sai na ga ɗiyata ta duba waya, ta latsa lambobi a jikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ke bango, akwatin ya buɗe, ta ciro makulli. Haka muka shiga. Babu wanda ya ce mana sannu da zuwa, babu wanda ya kawo ruwa.

Duk da haka na yi sallamata a bakin ƙofa, ɗiyata ta amsa mini tana dariya. Ciki kuwa ko'ina alamar mutum. An gyara gado, an ja zanen har ba inda ya yamutse. An ajiye furanni cikin kwalba bisa tebur da wata ƴar gurasa mai zaƙi a rufe. A bango akwai wurare masu haske inda aka cire hotuna. A jikin katakon ƙofar kicin an yi zane-zane da fensir, ɗaya bisa ɗaya, irin na auna tsawon yara. Na tambayi ina mai gidan. Ta ce ta waya aka gama komai, ba sai an gan shi ba. Na jingine tabarmar Inna bayan ƙofa.

Kallo dai mun yi shi, ba zan ɓoye ba, kuma na ji daɗi. Safiyar farko muka gangara bakin ruwa, sai na tarar babu ruwan. Jiya da ido na gan shi yana dukan bangon dutse, yau sai laka da rairayi har inda ido ya tsaya, jiragen kamun kifi kuma sun kishingiɗa gefe guda kamar shanu suna tuƙa. Mutane sun bazu da bokitai suna tonon wasu ƙananan abubuwa masu ɓawo. Ɗiyata ta ce in kwantar da hankalina, kafin la'asar zai dawo. Ya kuwa dawo, a hankali, ba hayaniya, ya ɗaga jiragen ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata namu gulbin sai shekara ta zagayo yake zuwa, wannan kuwa kullum sai ya yi daminarsa da raninsa kafin a kwanta.

Mun ci wata baƙar waina mai faɗin faifai, siririya kamar takarda, da ƙwai a tsakiya da man shanu mai gishiri, bayan ɗiyata ta tambayi mai toyawa har sau biyu ko babu naman alade. Ta so mu hau wata doguwar hasumiya mai fitila da ke nuna ma jirage hanya, na ce ta hau ta gaya mini, ni na zauna gindinta ina kallon tsofaffi da karnukansu. Rana kuma ba ta son faɗuwa a ƙasar nan. In ba wayarta ta kira sallah ba, ba zan san magariba ta yi ba. Ta ɗauke ni hoto gaban ruwa, gaban coci, gaban furanni. Amma duk sanda muka dawo gida na tura ƙofa, tabarmar nan ce ke fara faɗo mini a ƙafa.

Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, ƴan shekaru na yi a lakwal aka cire ni, amma ya ba ni kunne. Bayan asuba nakan zauna kicin ina jan tasbaha, kuma tun safiyar farko na ji tari daga bayan gida. Sai ƙarar cokali cikin kofi, sai rediyo ƙasa-ƙasa, sai takalmi ana jan shi. Mace ce, kuma tsohuwa, tarin ya gaya mini. Tana magana da wani abu, kyanwa ina tsammani, kuma ba da Faransanci ba. Ban iya shi sosai ba amma na san tafiyarsa, wannan dabam ne, daga maƙogwaro yake fitowa. Na leƙa ta taga. Ƙarshen lambun gidan akwai shinge na ganye da ƴar ƙofar katako, bayansa wani ɗan ɗaki kamar na ajiyar kaya.

Da na matsa ma ɗiyata da tambaya, ta ce eh, ita ce mai gidan. In lokacin zafi ya zo baƙi suka cika gari, takan kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin, ta ba da gidan haya. Na ce ashe matar nan ɗakinta ta bar mana, gadonta muke kwana, yadda Inna ke komawa rumfa in an yi baƙi, mu kuwa ko ina kwana ba mu ce mata ba. Ta ce ba haka ba ne, biya aka yi. Na ce an biya furannin da ke cikin kwalba? Ta ce a nan girmama mutum shi ne ka ƙyale shi, ba a faɗa ma mutane gida haka nan. Sannan ta sassauta murya, ta tambaye ni tun da muka zo mutum nawa na gani mai irin fatarmu a garin. Ta ce ta daɗe a ƙasar nan, ta koyi tafiya ba tare da an ji takunta ba, kuma da haka take zaune lafiya.

"Yaya, don Allah," ta ce. "Kada ki buga mata ƙofa."

Na yi mata alkawari. Ta ce in mun tashi sai mu bar tabarmar bisa tebur, matar za ta gani. Na san Inna. Ba za ta tambaye ni ko na ajiye ba, tambayata za ta yi mi ya ce, kuma ban taɓa iya yi mata ƙarya ba, ko da idonta ya tafi.

Ana gobe za mu tashi, ɗiyata ta fita sayen burodi da safe. Na fita lambu in kakkaɓe abin sallah, sai idona ya faɗa bayan ƴar ƙofar katakon. Albasa ce, an tuge ta an shanya bisa buhuna, ja mai haske, ba ta kai tamu duhu ba. Kuma duk da ganyenta, har ya fara yaushi. Ga hadari ya haɗo.

Wanda bai tashi cikin fadamar albasa ba, ba zai gane abin da na ji ba. A wurinmu, in maza suka tuge albasa, mata ne ke zama da'ira da wuƙaƙe, a yanke ganye, kai gefe guda ya sha iska kafin a kai shi rudu, rumbun albasa, ganye gefe guda a daka a yi gabu. Ba a barinta ta kwana haka. In ka ga albasa zube da ganyenta, to mai ita ba ta da kowa. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina alkawarin ƙofa na yi, ban yi na aiki ba. Na ɗauko wuƙa a kicin, na tsaya bakin shinge na yi sallama, na sake, na sake, ba a amsa ba. Na tura ƙofar na zauna bisa buhu na fara.

Tun da na bar gida hannuna bai yi daɗi irin na safiyar nan ba. Ina yanka ina jerawa, manya da manya, ƙanana da ƙanana, ganye na tara shi tsaf. Na ci kusan rabi sai na ji takalmin nan da nake ji kullum ya zo ya tsaya bayana.

Gajeruwa ce, gashi fari fat, da rigar sanyi irin ta maza da takalmin roba har ƙwauri. Wuƙar ta fara kallo, sannan albasar. Na ajiye wuƙar nesa da ni, na durƙusa na ce bonjur madam. Ta ɗora hannu a ka, magana ta yi ta zubowa, ban kama komai ba sai non, non, wato a'a. Ta sunkuya ta ɗauki albasa guda, ƙwal ba ganye, ta nuna mini, sannan ta nuna bangon ɗakinta. Sai a lokacin na gani. Albasa ce rataye jere-jere, an kitsa ta da ganyenta kamar kitson amarya. Da ganyen suke ɗaure ta. Haka suke ajiyarta, haka take kai ta kasuwa. Ni kuwa na aske mata rabi.

A haka ɗiyata ta same mu, da dogon burodi a hammata. Ta shiga ba da haƙuri da Faransanci, da wata siririyar murya da ban taɓa jin tana da ita ba, kuma muryar ta fi kunyar albasar yi mini ciwo. Ba ta dube ni ba ta ce da Hausa, "Yaya, da wuƙa a hannu, cikin lambun mutane. Da ta kira jandarma hwa?"

Na ce mata tunda an riga an ɓata, ta faɗa ma matar abin da zan faɗa, kada ta rage kada ta gyara. Na gaya mata yadda muke yi a fadamarmu, da abin da ake nufi in an ga albasa kwance da ganye, da cewa na ga hadari. Matar ta saurara, baki a tsuke. Sai ta yi tambaya guda, ɗiyata ta juyo mini da ita: to ganyen mi muke yi da shi?

Na tashi da sauri na shiga gida. Na ɗauko ƙullin gabu, na haɗa da tabarmar, don na ce in ma korarmu za a yi, saƙo dai ya isa. Matar ta karɓi curin gabu ta jujjuya, ta kai hanci, ta yi atishawa, ta sake kaiwa. Ta faɗi wani abu ba tare da ta yi murmushi ba, sai na ga dariya ta kuɓuce ma ɗiyata. Wai ta ce tun da take sauke baƙi, an fasa mata kofuna, an ƙona mata tukunya, wani har da tawul ya tafi, amma ba a taɓa samun wanda ya yi mata aiki ba, ko da aikin ɓarna ne.

Ba ta sake ni haka nan ba. Ta nuna mini buhu ta ce in zauna, rabin da ya rage ni zan kitsa. Muka ja albasar ƙarƙashin rumfa don yayyafi ya fara. Ta nuna mini yadda ake riƙe ƴan karare a tsakiya, a fara da manya daga ƙasa, a ɗaure wuyan kowace da zare, a bi da ƙanana har sama. Na farko da na yi ya karkace, ta warware shi ba tausayi, kamar dai Inna in ta shafa saƙa ta ji kuskure. Na biyu ma ta warware. Ɗiyata ta ajiye burodi ta zauna tsakaninmu tana kai magana tana kawowa. Nan na ji mijin matar masunci ne, ya daɗe da rasuwa, yaran da aka auna a jikin ƙofa duk sun watse birane. Ganyen teku mai warin nan shi ne takinsu, takan kwaso shi bayan ruwa ya janye. Harshen da take yi da kyanwa kuwa nasu ne na gado, kuma a gidan yanzu kyanwar ce kaɗai ke saurarensa.

Da muka tsagaita, na wanke hannu, na kwance zaren tabarmar, na miƙa mata da hannu biyu. Na ce daga uwata take, ita ta saƙa ta don mai masaukinmu, tana gaida ta. Ta shimfiɗa ta bisa gwiwa, ta juya bayanta tana bi da yatsa, inda ake gane hannun mai saƙa. Ta tambayi ko Inna na gani da kyau, na ce da yatsu take gani. Ta gyaɗa kai. Ta ce za ta rataye ta a bango. Na ce ta zama ce. Ta ce gwiwoyinta sun daina yarda da ƙasa, sai ta shimfiɗa ta bisa bencin ƙofar ɗakinta ta zauna a kai, ta ɗan girgiza jiki tana gwada ta.

Na ce saura amsa. Ɗiyata ta buɗe waya ta ce ta yi magana a ɗauka. Matar ta miƙe tsaye, ta gyara gashinta duk da murya kawai za a ɗauka, ta yi magana mai ɗan tsawo da harshensu. Ko ɗiyata ba ta ji ba, sai da ta sake faɗa mata da Faransanci.

Albasar da na aske ta zuba mana ita a buhu, ta ce mu ci, ba ta da inda za ta kai ta. Washegari da za mu tashi muka same ta tsaye bakin ƙofa. Ta biyo motar a ƙasa, muna tafiya a hankali, har ƙarshen layin inda ake hango ruwa, ta tsaya nan. Muka yi nisa da garin. Can ɗiyata ta ce kada in sake. Na ce to. Ta gutsuro burodi ta miƙo mini ba tare da ta ɗauke ido daga hanya ba, kuma daga nan har gidanta hira ba ta yanke ba.

Da na dawo Galma gero ya yi kai. Ban gama shan ruwa ba Inna ta ce mi ya ce. Na ce mace ce. Na kara mata wayar a kunne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita, ta sake saurara tana gyaɗa kai kamar tana ji.

"Ina amsawa," ta ce ma wayar. Sannan ta juyo gare ni. "Ta raka ku?"

Na ce ta raka mu har ƙarshen layi, da ƙafa. Ta ce madalla. Na fassara mata saƙon yadda aka fassara mini: tana godiya, tana gaida mai saƙa, ta ce gefen tabarmar ba zai warware ba, ɗiyarki kuma hannunta da sauri, amma a ce mata ta riƙa tambaya kafin ta yanka. Inna ta ce matar nan ta san mutane, tun ina ƙarama haka nake.

Na gyara zama zan ba ta labarin teku, yadda yake tafiya ya dawo, don tun cikin jirgi nake shirya yadda zan faɗa. Ta katse ni ta ce duk wannan ruwan, ana ban ruwan albasa da shi? Na ce a'a, gishiri ne. Ta ce to, ta lalubo kabarta cikin ƙwarya ta ci gaba da saƙa. Sai maƙwabta na ba labarin.